Faifan da Mati Bai Rufe Ba

Mati ba mutumin da ake taruwa a ƙofar gidansa don hira ba ne. Shekara talatin da wani abu yana gyaran rediyo a Batsari, kuma duk wanda ya kawo masa aiki abin da yake samu gaisuwa ce, sai "dawo jibi". In jibin ta yi, rediyo na magana. Da wannan aka san shi.

Asalinsa ɗan Babban Duhu ne, can ƙasar Safana. Ubansa manomi ne, shi ma noman ya fara, har ya ɓare rediyon tsohon yana saurayi don ya ga abin da ke ciki. Ya sha duka, ya kuma mayar da ita yadda take. Daga nan aka tura shi Katsina wajen wani mai gyara, ya yi shekara huɗu, ya dawo ya zauna Batsari saboda ta fi kasuwa. Nan ya auri Bara'atu, nan ya samu 'yar gona a gabas da gari. 'Ya'yansu sun watse, mata sun yi aure, namijin yana lodi a tashar Kano. Gidan ya rage daga shi sai ita.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara wata na'ura ce da ya saya hannun wani direba mai ɗauko kayan gwanjo daga Legas. Baƙa ce, mai faɗi, da aljihu biyu a gaba. Na hagu yana kunna faifan sidi, na dama yana ɗora sauti a kan sabon faifai. In ka jona mata rediyo mai kaset da waya, duk abin da kaset ya faɗa sai ta kwashe shi. A ɗakin zaure ya ajiye ta, bisa tebur, ya lulluɓe ta da tsohon zanen Bara'atu. Batirin mota ne ke ba ta wuta, shi kuma faranti ɗaya na sola da ke kan rufi ke cika shi.

Ta yi zamaninta. Direbobi sun yi ta zuwa a haɗa musu waƙoƙin hanya, tsofaffi su kawo kaset ɗin wa'azi da ya fara cinyewa, mata su aiko da na biki. Sai waya ta zo da memori, kowa ya koma wajen yara masu tura waƙa a bakin tasha. Mati bai yi ƙorafi ba. Ya ci gaba da goge na'urarsa duk Juma'a, ya koma gyaran tocila.

Shekarar da aka katse layin waya a yankin saboda ɓarayin daji, aka kuma hana masu cajin waya aiki a kasuwa, wayoyi suka mutu a aljihun mutane. Direbobin da motocinsu ke da tsohuwar rediyo mai cin faifai suka tuna da shi. Aiki ya ɗan dawo. Sai dai garin da aikin ya dawo cikinsa ba wanda ya sani ba ne. An sace mutane, an kashe wasu, kuma kowa ya yarda cewa ɓarayi ba sa sanin gidan mai shanu ko mai hatsi sai wani na cikin gari ya nuna musu. Infoma ake ce wa irin wannan mutum. Wanda aka liƙa wa sunan, in ya yi sa'a ya bar gari da ƙafarsa. Mati ya ga gidan da aka ƙona a unguwarsu a kan haka, kuma har yau ba wanda ya iya ce masa ga abin da mai gidan ya yi.

Cikin wannan hali, da kaka, wani Bafulatani mai suna Manu ya yi masa sallama. Zai kai shekara talatin, ɗinki yake yi a Safana, Hausarsa ta fi Fulatancinsa kwari. Ya zaro kaset daga cikin tsumma.

"Baba, muryar tsohona ce a ciki. So nake a mayar da ita faifai."

Mati ya ɗaga kaset ɗin ya duba a haske. Zaren ya tsinke a wuri ɗaya, ya tattare a wurare da dama.

"Waƙa ce?"

"Kiran shanu ne."

Manu ya yi bayani ba tare da an tambaye shi ba. Ubansa Juli makiyayi ne a gefen Zakka. Shekara huɗu da suka wuce ya kwanta asibiti wata guda, shanun suka ƙi kowa, shi ne ya sa aka ɗauki muryarsa yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, ana kunna musu da safe. Da damina ɓarayi suka zo, suka harbe tsohon, suka kora garken duka, har rediyon da ake kunna kaset ɗin suka ɗauka. Kaset ɗin ya tsira ne don yana cikin ƙoren mahaifiyarsa. Yanzu an ƙwato shanu da yawa daga daji, an tara su a wani fili a Safana, an ce mai su ya zo da shaida. Manu ya je ya ga nasu da idonsa, ya kira, ba wadda ta ɗaga kai.

"Ni ba su san ni ba, Baba. Tun ina yaro na bar ruga. Wani direba ya ce in na kawo faifai zai kunna mini a motarsa, tana da lasifika mai ƙarfi."

Mati bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Labari kowa yana da shi. Ya ce, "Dawo gata."

A ranar ya kwance kaset ɗin, ya miƙar da zaren da yatsa, ya ɗauki ɓangaren farko. Ɓangare na biyu sai an liƙe inda ya tsinke, gam ɗin kuma ya kwana ya bushe. Don haka bai rufe faifan ba. Na'urar haka take: in ka gama ɗora sauti sai ka danna wani maɓalli, ta yi minti biyu tana rufe faifan, sannan ne zai yi magana a kowace rediyo. In ba a rufe ba, ana iya ƙara masa wani abu, amma ba inda zai yi magana sai cikin ita na'urar da ta rubuta shi. Ya rubuta "Manu" a bayansa, ya ajiye bisa tebur.

Washegari yana gona yana yankan dawa, Manu ya samu mota ya zo kafin ranar da aka ce masa. Bara'atu ta ga faifai da sunansa a jiki, ta miƙa masa ta bayan ƙyaure. Da Mati ya dawo ta gaya masa, sai ya tsaya da lauje a hannu.

"Faifan bai nuna ba kika ba shi."

"To Malam, tuwo ne da zan taɓa in ji? Na ga suna, na ga mai suna."

Mati ya rataye laujen. Ya ɗauka Manu zai dawo da kansa in ya ga abin ya ƙi.

Ya dawo ɗin, amma a bayan a-kori-kura, hannunsa ɗaure, leɓensa a fashe. 'Yan sintiri ne suka tare shi a hanya, suka caje shi, suka ga faifai. Sun sa a motarsu, shiru. Sun gwada a motoci uku da suka tsayar, shiru. Da suka juya shi a rana kuma suka ga inuwar zobe a jikinsa, alamar an rubuta wani abu. Bafulatani, zai nufi wajen Safana, ɗauke da faifan da ke da magana a ciki amma ya ƙi faɗa. Suka tambaye shi wa ya yi masa, ya ce Mati.

Shugabansu Uwaisu ne, ɗan wani abokin Mati da ya rasu. Mati ya je bikin sunansa. An sace ƙanwarsa bara, ba a sake jin labarinta ba, tun daga nan bai cika barci a gida ba. Ya gaida Mati a tsaye, bai rusuna ba.

"Baba, wanga faifai aikinka ne?"

"Nawa ne."

"Mi ya hana shi magana?"

"Ban rufe shi ba."

"A buɗe yake, amma ba ya magana. In an rufe shi kuma sai ya yi."

"Haka ne."

Wani daga cikin yaran nasa ya yi dariya. Uwaisu bai yi ba. Kafin la'asar mutane sun cika ƙofar gidan da ba a taɓa taruwa ba. Mati yana jin maganganunsu daga zaure. Wani ya ce dama ya daɗe yana mamakin yadda ɓarayi ke samun labari bayan an katse waya. Wani ya ce ai tabbas a daji akwai irin wannan na'ura guda, tagwaye ne. Wani ya tuna cewa Mati mutumin Babban Duhu ne, ba ɗan gari ba, kamar yau ya sauka. Wani maƙwabcinsa, wanda Mati ya gyara wa fanka kyauta har sau biyu, ya ce shi dai abin da ke damunsa mutum ya yi shekaru ba ya hira da kowa.

Aka kira mai unguwa, Malam Tayyib, dattijo ne mai ciwon ƙafa. Aka ba shi kujera a ɗakin zauren.

"Mati, ka ce a nan faifan yake magana. Sa mu ji."

Mati ya yaye zanen, ya sa faifan a aljihun dama. Na'urar ta yi ƙugi kaɗan, sai muryar tsoho ta fito, doguwa, mai kaushi, tana hawa tana sauka. Ana jin tarin wani maras lafiya a bayansa. Yana kiran Woɗe, yana kiran Ɓale, yana kiran Dane, yana wani sauti da harshe tsakanin suna da suna. Manu da ke zaune a ƙasa ya sunkuyar da kai.

Malam Tayyib yana jin Fulatanci, uwarsa 'yar ruga ce. Ya saurara har ƙarshe.

"Shanu yake kira. Ja, da baƙa, da fara. Ba sunan mutum ko gari a ciki."

"Ranka ya daɗe, abin da aka bari mu ji ke nan," in ji Uwaisu. "Na'urar da ta iya ɓoye wa mota huɗu magana, ba ta iya ɓoye mana rabi?"

Mati ya ce, "Ba ni minti biyu in rufe shi. Ka kai motarka ka ji duka."

Ya kai hannu wajen maɓallin, Uwaisu ya riƙe masa wuyan hannu. Bai matsa ba, amma bai saki ba.

"Kada ka taɓa, Baba. Ni ban san abin da yake yi ba. Ƙila rufewa ce, ƙila gogewa."

Mati ya dubi hannun da ke riƙe da nasa. Ya gane cewa duk bayanin da zai yi, bayani ne kawai, kuma shi kansa da wani ne ya zo masa da irinsa ba zai saya ba. Ya janye hannunsa a hankali.

"To bar maganata, bar tashi. Manu ya ce shanun ubansa na Safana. A ɗauki na'urar yadda take, da faifan a ciki, a kai musu. Su ba su san ni ba, ba su san ka ba."

"In ba su zo ba fa?"

"Ka san gidana."

Malam Tayyib ya ce haka za a yi, gobe da hantsi, kuma Manu a gidansa zai kwana, ba a hannun kowa ba. Uwaisu ya sa aka kulle ɗakin zauren, ya tafi da makullin.

Da Mati ya shiga cikin gida Bara'atu ta ce, "Malam, ni na jawo."

"Ke kin ba mutum kayansa. Zubo abinci."

"Hanyar Safana za ta bar maka na'urar da rai? Kai da ba ka yarda ko tsintsiya ta taɓa teburin?"

"Ban sani ba."

"Shanun fa? Wata huɗu suna hannun ɓarayi. Kai ka yarda da yaron nan?"

Ya haɗiye loma. "Na ga yadda ya naɗe kaset ɗin. Iyakar abin da na gani ke nan."

Da safe suka hau a-kori-kura. Malam Tayyib a gaba saboda ƙafarsa, Mati a baya da na'urar bisa cinyarsa, ya naɗe ta da bargo, batirin a tsakanin ƙafafunsa. Manu na gefe, Uwaisu na fuskantarsu da bindigarsa ta gida. Ruwan damina ya cinye hanyar, direba kuma ba ya son rage gudu inda dawa ta yi tsawo kusa da titi. Duk ramin da suka faɗa, Mati yana jin wani abu na motsi a cikin na'urar. A tsakiyar hanya Uwaisu ya ce wa Manu, "In ka yi tsalle ba zan bi ka da ƙafa ba." Manu ya ce, "Ina zan je? Shanuna na gaba."

Filin an kewaye shi da waya. Shanu sun fi ɗari biyu a ciki, ramammu, wasu da miki a wuya. Jami'in da ke kula da wurin ya saurari Malam Tayyib, ya ɗaga kafaɗa, ya ce jiya wani ya zo da sarewa, shekaranjiya wani da gishiri, su gwada nasu. Masu jiran shaida da 'yan kallo suka matso.

Mati ya ajiye na'urar a bayan mota, ya jona batir, ya jona lasifika. Ta kama wuta. Ta yi ta juya faifan, ba ta ce komai ba. Ya jira. Ta tsaya, ta sake farawa. Wani a cikin taron ya ce, "Ta ga hukuma ta yi shiru." Aka yi dariya. Mati bai ɗaga kai ba. Ya lura motar a karkace take, ƙafa ɗaya cikin rami. Ya cire hularsa ya ninka, ya cusa ƙarƙashin na'urar ta ɓangaren da ya yi ƙasa, ya dubi Uwaisu.

"Na kunnawa zan danna. Ga shi nan, mai kibiya. Ko kai ka danna."

Uwaisu ya danna da kansa.

Muryar Juli ta fita cikin filin. An kira sunan farko, an kira na biyu, shanu na cin abin da suke ci. A suna na huɗu ko na biyar wata tsohuwar saniya ja mai karyayyen ƙaho ta ɗaga kai daga can tsakiya. Ta tsaya tana juya kunne. Sai ta yi kuka, ta fara ture na gabanta. Wata baƙa ta biyo ta. Kafin faifan ya ƙare, guda tara sun zo sun jingina da wayar daidai inda motar take, suna miƙa wuya, suna shinshina iska, suna neman mutumin. Maruƙa biyu suka biyo iyayensu. Sauran garken ko kallo.

Manu ya kama wayar da hannu biyu. Ya ce talatin da ɗaya aka kora. Sauran sunayen suna ɓangaren kaset ɗin da ba a ɗora a faifai ba, ƙila wasu na nan. Jami'in ya ce ya kawo in ya samu, ya ciro takarda ya fara tambayarsa sunansa.

Malam Tayyib ya juya wajen Uwaisu. "To?"

Uwaisu ya kalli shanun. "Nashi ne," ya ce. Sai ya dubi na'urar. "Amma ranka ya daɗe, ka ga abin da ta yi. In wani ya ɗauki muryar mai shanu a ɓoye ya kawo wa Baba, ai har cikin garke za a kira su su fito."

"Wannan kuma wata magana ce. Na tambaye ka a kan Mati."

"Ban same shi da komai ba."

"Faɗi yadda na baya za su ji. Kuma in mun koma ka faɗa a ƙofar gidansa, inda aka taru jiya."

Ya faɗa a nan, ya kuma faɗa a can, a taƙaice, fuskarsa a ɗaure. Mutanen da suka ji a Batsari ba su kai rabin na jiya ba.

Na'urar ba ta dawo yadda ta tafi ba. Aljihun hagu yana kunnawa in ya ga dama. Na dama ya daina rubutu, sai ya juya sabon faifai ya tofo shi. Mati ya buɗe ta ya ga idon da ke rubutun ya goce daga mazauninsa, ƙarfen da ke riƙe shi ya tsage. Ba a samun irinsa ko a Kano. Ɓangare na biyu na kaset ɗin, sai ya ara wa Manu wata rediyo mai kaset da ya gyara, ya haɗa masa da lasifika. Ya ji an ce wasu huɗu sun ƙara fitowa. Direbobi suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka daina. Ba a ƙona gidan ba, ba a kira shi infoma a gabansa ba. A bayansa kuwa bai sani ba, kuma bai tambaya ba.

Bayan an gama sussuka, wata ranar Talata da hantsi, Uwaisu ya yi sallama. Wannan karon ya rusuna, ya yi gaisuwa har ya tambayi jikin Inna Bara'atu da labarin na Kano. Ya miƙa wata babbar tocila, irin ta sintiri.

"Ta ƙi kamawa, Baba."

Mati ya kwance kanta. Ƙwan ne aka sassauta, kuma da gani da hannu aka yi. Ya murɗa shi, ta kama. Ya ɗaga ido ya ga Uwaisu ba tocilar yake kallo ba, cikin ɗakin yake bi da kallo, daga tebur zuwa ƙarƙashin tebur, zuwa kwalin da ke bayan ƙofa. Ko kunya ce ta hana shi haɗa ido, ko aikinsa yake yi, Mati bai iya rabewa ba.

Ya kashe tocilar, ya ajiye ta cikin kayan da ke jiran gyara.

"Dawo jibi," ya ce.